Tarihin Dokta Ladi Kwali, Maginiyar da Tulunta Ya Shiga Gidan Tarihi da Sunanta

Gabatarwa

Akwai wata al'ada da gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen Turai suka daɗe suna bi ba tare da sun ga aibinta ba. Idan aka rataya zanen wani Bature a bango, akan rubuta sunansa a ƙasa, da shekarar haihuwarsa, da shekarar da ya yi aikin. Idan kuwa tulu ne ko randa da aka ɗauko daga Afirka, sai a wadatu da sunan ƙabila da na lardi, a ce tulun Gwari, ko randar Nufe, ko kaskon Hausa, kamar dai tukwanen nan tsirowa suka yi daga ƙasa, babu hannun da ya kwaɓa yumɓunsu. Marigayiya Ladi Kwali tana cikin matan Afirka na farko-farko da suka fita daga wannan ƙangi. Tulunanta sun shiga zaurukan nuni na Landan da Washinton ɗauke da sunanta, an jera su daura da ayyukan manyan masu fasaha na zamaninta, kuma shekara arba'in bayan rasuwarta ba a daina jera su ba.

Sai dai wannan ɗaukaka ba a banza ta zo ba. Tulun da ya yi suna ya rasa aikinsa na asali, wato ɗaukar ruwa da sanyaya shi, sa'an nan hasken da ya haskaka Ladi ya bar abokan aikinta a inuwa, alhali kuwa tare aka riƙa baje kolinsu. Duk wanda ya karanta tarihinta bai lura da waɗannan ba, rabin labari ya ji.

Asalinta da Tasowarta

An haifi Hadiza Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin masarautar Abuja a Lardin Neja, yanzu kuma yana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Mutanen wurin su ne waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Sunan Ladi sunan rana ne irin na Hausa, wanda ake laƙaba wa 'yar da aka haifa ranar Lahadi, Kwali kuma sunan garinsu ne da ya bi ta har ya zama nata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin cuɗanyar da ke tsakanin jama'ar nan biyu a wannan yanki.

A ƙasar Hausa akan sami garuruwan da maza ke ginin tukwane, amma a ƙasar Gwari sana'ar mata ce, yarinya tana tashi ta tarar da ita a tsakar gida kamar yadda take tarar da daka da niƙa. Ladi ta koya tun tana ƙarama a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Ba ta yi karatun boko ba, makarantarta ita ce gindin turmi da ramin yumɓu.

Ya kamata a tsaya a kan yadda matan Gwari ke gini, domin a nan gwanintar Ladi take, kuma abin da ya kai ta duniya ke nan. Maginiya takan ɗauki curin yumɓu ta ɗora a kan wani ɗan mazauni, ta nutsa dunƙulen hannunta a tsakiyarsa ta yi rami, sa'an nan ta riƙa jawo yumɓun daga ciki zuwa sama da yatsunta. Tukunyar ba ta motsi. Maginiyar ce ke kewaya ta, tana sunkuye tana takawa a hankali, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har bango ya tashi. Idan yumɓun farko ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta riƙa ɗorawa tana shafewa, har ciki ya buɗe ya kumbura, kafaɗa ta rufo, wuya ya tsuke. Takan kankare cikin da sakaina ko ɓawon katantanwa ko ɓawon 'ya'yan itace mai tauri, ta gyara baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Babu ma'auni, babu inji, amma idan gwana ta gama sai a ga tulu ya fito daidai ta kowane gefe, kaurin jikinsa ɗaya daga gindi har wuya. Ido da hannu da ƙafa ne suka haɗu suka zama ma'aunin.

Bayan tulu ya ɗan sha iska sai a zo ga ado. Akan raba jikinsa gida-gida da layuka, a murza ɗan guntun igiya ko ɗan icen da aka sassaƙa wa haƙora a kan ɗanyen yumɓu don ya bar tambari, sa'an nan a ɗauki wani abu mai kaifi kamar wuƙa a zana halittu a cikin gidajen. Halittun da suka yawaita a aikin Ladi su ne kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsaye. Ba ta zana su kamar hoto. Takan baje su ne a jikin tulun, ta cika cikinsu da ƙananan layuka masu gicciye da juna, ta miƙar da wutsiya ko ta lanƙwasa ta gwargwadon filin da ke akwai, har dabbar ta zama kamar don wannan gurbin aka halicce ta.

Gashin tukwanen a fili ake yi. A tara su, a rufe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Irin wannan wuta ba ta cika wuce digiri 800 ba, kuma ba ta daɗewa. Akan yayyafa wa tukwanen ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tun suna da zafi, ya ba su duhu da ɗan sheƙi. Tukunyar da aka gasa haka tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Saboda haka ne ruwan randa ya fi na bokiti daɗin sha a lokacin bazara, saboda haka ne kuma tukunyar ƙasa ke jure wa wutar murhu ba ta tsage ba. Wannan bayani zai yi amfani a gaba.

Tun Ladi tana da ƙuruciya aikinta ya yi fice a kasuwannin yankin, har manya suka fara sayen tulunanta don ado, ba don zuba ruwa kaɗai ba.

Sarki da Bature

Cikin masu sayen akwai Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau. Abujar da ake magana a nan ita ce wadda ake kira Suleja a yau. Asalinta, bayan da masu jihadi suka ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a shekarar 1828. Sulaimanu Barau ya hau gadon sarauta a 1944. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin sarauta, mutum ne mai son sana'o'in ƙasarsa. Ya ajiye tulunan Ladi a gidansa a matsayin abin kallo. Ya kamata a riƙa tuna wannan, domin sau da yawa akan ba da labarin kamar Bature ne ya tono ta daga ƙauye, alhali kuwa a gidan sarkinta Baturen ya ga aikinta, an riga an san darajarsa.

Baturen shi ne Michael Cardew, wanda aka haifa a 1901. Ya yi karatu a Jami'ar Okusfod, amma ya bar hanyar aikin ofis ya kama ginin tukwane a hannun Bernard Leach, jagoran maginan Ingila na wancan zamani. A 1942 ya tafi ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya yi aiki a Kwalejin Acimota, daga baya ya kafa wurin gininsa a garin Vume a bakin kogin Bolta. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da sana'ar tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu da magina, a cikin zagayen nan ne ya sauka Abuja ya ga tulunan Ladi a gidan sarki.

Wani abin yabo ga Cardew shi ne bai raina abin da ya tarar ba. Ra'ayinsa shi ne tukwanen gargajiya sun dace da aikin da ake yi da su, ba su bukatar gyaran kowa. Abin da gwamnati ke so shi ne a kafa wata sabuwar sana'a a gefensu, ta yin kofuna da farantai da butocin shayi na tangaran, don ma'aikata da 'yan boko su saya maimakon na ƙasashen waje. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itacen wuta, ga kuma goyon bayan sarki. A 1952 Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja ta fara aiki a cikin ɗakunan ƙasa masu jinka, ɗalibanta na farko kuwa duk maza ne.

Shigarta Cibiyar Abuja

A watan Disamba na 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. A nan ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda magini ke zaune tukunya ce ke kewayawa, akasin abin da ta saba. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake tsoma kaya a ciki kafin gashi, wanda ake yi da toka da niƙaƙƙen dutse da farar ƙasa, ta kuma koyi gashi a rufaffiyar matoya wadda zafinta ke wuce digiri 1,200. Ta yi kwanoni da kofuna da farantai masu yawa, tana tsoma su a ruwan yumɓu mai wani launi, sa'an nan ta karce shi da tsinke ta fitar da ƙadangarunta da kifayenta. Duk da cewa a hannu ta girma, faifan bai gagare ta ba.

Amma ba waɗannan ne suka yi mata suna ba. Abin da ya yi mata suna shi ne manyan tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun cibiyar mai jure wa wuta. Bayan ta yi zanenta sai a cike layukan da farar ƙasa, a shafe jikin da ruwan ƙyalli mai duhun kore wanda ido ke ratsawa, a sa a matoya. Idan tulun ya fito sai a ga fararen halittu suna leƙowa daga ƙarƙashin sheƙi kamar ana hangen su a cikin ruwa. Ba a taɓa yin irin wannan a Kwali ba, ba a kuma taɓa yin sa a Ingila ba. An kafa cibiya don samari su koyi farantai, sai ga shi abin da ya fi fice ya fito daga hannun macen da ta zo da sana'arta daga gida. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

To, a nan ne bayanin da aka yi a baya game da kafofin tukunya zai dawo. Wutar da ta wuce digiri 1,200 tana narkar da jikin yumɓu ya haɗe ya yi tauri kamar dutse, ruwan ƙyalli kuma ya toshe abin da ya saura. Tulun da aka gasa haka ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya kuma yi nauyi ƙwarai. Matan Gwari, kamar yadda aka sani, a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba, kuma babu wadda za ta so ta saɓa irin wannan tulu daga rafi zuwa gida. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfin matar ƙauye nesa ba kusa ba. Siffar tulu tana nan, wuya da kafaɗa da ciki duk suna nan, amma aikin tulu ya tafi. Ya tashi daga kayan tsakar gida ya koma kayan zaure, wanda ake ɗorawa a kan teburi a kewaya ana kallo.

Wasu masana suna ganin wannan hasara ce, suna cewa an raba sana'a da jama'arta. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ba duka ba. Matan Kwali ba su daina gina tulunan ruwa ba don Ladi ta tafi Abuja, abin da ya rage musu kasuwa daga baya shi ne bokitin ƙarfe da jarkar roba. Haka nan tukunyar da aka gasa a fili gajeren rai gare ta, ta yi 'yan shekaru ta fashe ta zama tsingaro. Da a kan irinta kaɗai Ladi ta tsaya, da yau abin da ya rage na aikinta bai taka kara ya karya ba. Taurin da ya hana tulun sanyaya ruwa shi ne ya ba shi tsawon rai.

Game da burin gwamnati na farantai da kofuna kuwa, bai cika yadda aka so ba. Kasuwannin Arewa sun riga sun cika da kwanonin ƙarfe masu fenti, masu araha, marasa fashewa, waɗanda ake yi wa amarya jere da su. Yawancin masu sayen kayan Abuja Turawa ne da manyan ma'aikata.

Nunin Haɗin Gwiwa

A shekarar 1958 Cardew ya kai kayan cibiyar birnin Landan, aka baje su a zauren nuni na Berkeley Galleries. An sake yin haka a 1959 da 1962. Abin lura shi ne ba nunin mutum ɗaya ba ne. Aikin maginan Abuja ne gaba ɗaya, na Cardew da na ɗalibansa a wuri guda. A gindin kowane kaya akwai hatimi biyu: na cibiyar, wato kalmar Abuja da haruffan ajami, da na wanda ya gina shi. Na Ladi haruffa biyu ne na boko, LK. Wannan ɗan tambari da bai kai faɗin farce ba shi ne ya raba tulunta da dubban tulunan da suka shiga gidajen tarihi ba suna. Al'adar buga hatimi ta maginan Ingila ce, Cardew ya kawo ta, kuma tana cikin mafi alherin abin da ya kawo.

A wuraren nunin nan tulunan Ladi ne suka fi jan ido. An nuna aikinta a Ikko a bikin samun mulkin kai na 1960. A farkon shekarun 1960 ta tafi Ingila ta yi gini a gaban jama'a a makarantun fasaha na Landan da Farnham da kuma wurin ginin Cardew da ke Wenford Bridge, ta kuma je Faransa da Jamus. Maginan Turai, waɗanda suka ɗauka babu yadda za a sami tukunya madaidaiciya sai da faifai, suka zauna suna kallon mace tana kewaya curin yumɓu har ya zama tulu a gabansu. A tsakiyar shekarun 1960 aikinta ya sami lambar azurfa a wani nunin kayan yumɓu na ƙasa da ƙasa da aka yi a cibiyar Smithsonian ta Washinton. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, wani magini mutumin Gana da ya daɗe yana aiki da Cardew, suna nuna gini a jami'o'i da makarantu.

Sunan da Ladi ta yi ya amfani cibiyar ƙwarai, domin wurin da bai kawo ribar da aka yi tsammani ba yana bukatar hujjar ci gaba da zama, ita kuwa ta zama hujjar. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Sai dai karin maganar ba ta yi wa sauran maginan adalci ba, don su ma gwanaye ne. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, wasu mata huɗu sun bi sawun Ladi zuwa cibiyar: Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa. A ɗaki ɗaya matan ke aikin ginin hannu, ana kiransa Ɗakin Gwari. Halima Audu ba ta daɗe ba ta rasu, a 1961, amma 'yan tulunan da ta bari sun isa su nuna ba ƙaramar maginiya ba ce. A ɓangaren maza akwai irin su Bawa Ushafa da Tanko Ashada da Ibrahim Muhtari, daga baya kuma Danlami Aliyu, wanda ya kafa wurin gininsa a Minna. Kowannensu yana da hatiminsa, kayan wasunsu sun tafi Landan a akwatunan da na Ladi suka tafi. Amma duniya tana son a ba ta suna ɗaya ta riƙe, ta riƙe na Ladi ta saki sauran. Idan aka tambayi ɗaliban jami'a a yau sunan wata maginiya ta biyu daga Abuja, da wuya a sami mai amsawa. Wannan giɓi ne da ya kamata masu bincike su cike tun akwai dangi da almajiran da za a tambaya.

Tsakaninta da Masu Fasahar Jami'a

A shekarar 1958 ɗin nan da aka fara nunin Landan, wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa wata ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane irin na Turai tsantsa, su kuwa suna so su ɗauki dabarun Turai su haɗa da siffofin gargajiyar ƙasarsu. Sun yi muhawara, sun yi rubuce-rubuce, kuma tarihi ya ba su matsayin iyayen fasahar zamani a Nijeriya. A daidai wannan lokaci, a kudu da su, Ladi tana yin abin da suke kira a yi, kullum safiya, ba tare da ta rubuta ko layi ɗaya ba. Duk da haka an daɗe ana kiran nasu aikin fasaha, nata kuma sana'ar hannu, kamar ɗaya yana bukatar tunani ɗayan ba ya bukata. Wannan rabo ba shi da tushe. Wanda ya dubi yadda take auna girman kada da faɗin kafaɗar tulu ya san akwai lissafi a ciki.

Jami'ar ta gane haka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dokta, ta kuma riƙa zuwa Zariya tana nuna wa ɗalibai gini. Tun kafin nan, a 1963, Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1980 gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake bai wa waɗanda suka yi zarra a fagen ilimi da fasaha, a 1981 kuma ta sami OON.

Cardew ya bar cibiyar a hannun Michael O'Brien, Ladi kuwa ta ci gaba da zama a cikinta tana aiki tana koyarwa. A 1974 wata ɗaliba 'yar ƙasar Kenya mai suna Magdalene Odundo, wadda ke karatu a Farnham, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew ta zauna da matan cibiyar tana koyon ginin hannu. Odundo ta zama ɗaya daga cikin maginan da suka fi shahara a duniya, kuma ba ta ɓoye bashin da Ladi ke bin ta.

Rasuwarta da Abin da Ya Biyo Baya

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, Kwali kuma ta faɗa cikin yankin tarayya. Sarki Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, Cardew ya mutu a 1983, Ladi kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar sunanta, an sa wa wani titi a sabuwar Abuja, da wani babban zauren taro a otal ɗin da aka sani da Sheraton. Sai dai sa suna ya fi kula da wuri sauƙi. A shekarun da suka biyo baya cibiyar ta Suleja ta yi ta ja da baya, har jaridu suka riƙa ba da rahoton lalacewar ɗakunanta da mutuwar matoyarta.

A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar takardar naira ashirin, hoton Murtala a gaba, na Ladi a baya. Karamci ne babba, amma akwai abin dubawa a hoton: a kan faifai mai juyawa aka nuna ta tana gini, wato dabarar da ta koya bayan ta girma, ba wadda ta zo da ita daga Kwali ta ba duniya mamaki ba.

Tulunanta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washinton, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales. A farkon 2022 wata masaniya 'yar asalin Nijeriya, Jareh Das, ta shirya wani nuni a gidan Two Temple Place na Landan mai taken Body Vessel Clay, wato jiki da mazubi da yumɓu, daga baya aka kai shi birnin York. An buɗe shi da ayyukan Ladi da na wasu abokan aikinta na Abuja, aka bi da na Odundo, sa'an nan na wasu baƙaƙen mata masu fasaha na wannan zamani, irin su Bisila Noha da Phoebe Collings-James da Shawanda Corbett da Jade Montserrat. Wasunsu ba tukwane suke yi ba sam, suna aiki ne da sassaƙa da majigi da motsin jiki, an kuma haife su a lokacin da Ladi ta tsufa ko bayan ta rasu. Abin da ya haɗa su da ita shi ne yumɓu, da kuma fahimtar cewa jikin maginiya, da sunkuyonta da takunta, yana cikin aikin. A watan Oktoba na 2025 kuma gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban nuni a kan fasahar zamani ta Nijeriya, mai ɗauke da ayyukan mutum fiye da hamsin. A can aka jera tulunan Ladi Kwali ƙarƙashin rufi ɗaya da ayyukan Ben Enwonwu da na ɗaliban nan na Zariya.